Zan cika arba'in, ina so in je Damagaram a keke

Ɓoyayyen mamba: Assalamu alaikum 'yan uwa, shawara nake nema. A watan Janairu zan cika shekara 40, ga shi abokaina biyu da muke hawan keke ran Lahadi sun shirya tafiya daga Kano zuwa Damagaram: Kazaure, Daura, a tsallaka ta Kongolam, a bi Matamaye, kusan kilomita 240. Marigayi mahaifina ɗan Damagaram ne, kuma tsohon kekensa Rali har yau yana zauren gidanmu, sirdin ya tsage an ɗaure shi da robar tiyub, ƙararrawar ce kawai ke aiki. Ba da shi zan je ba, na sayi wani mai giya. Ina sayar da kayan waya, yaron shagon kuma sabo ne. A gida an ɗan samu magana. In wannan ta wuce, ban ga ranar wata ba. Ya zan yi?

Alhaji Direba: Ƙanena, hanyar nan na san ta kamar yunwar cikina. Janairu tsakiyar hunturu ne, iskar daga arewa maso gabas take kaɗawa, kai kuma arewa ka nufa. Ƙirjinka za ta riƙa duka har Daura. Ka shiga mota, ka je ka yi zumunci ka dawo.

Maman Biyu: Wace magana aka samu a gida? Nan ne batun. Nawa mijin haka ya ɗauko hawan doki, kuɗin dusa ya fi na cefane, in na yi magana a ce ban da haƙuri.

Ɓoyayyen mamba: Hajiya, ba kuɗin cefane na taɓa ba, adashina na kwasa.

Malamin Islamiyya: Bikin ranar haihuwa ba tarbiyyarmu ba ce. Wanda ya kai 40, addu'a aka koya masa, duba aya ta 15 a Suratul Ahƙaf.

Ɓoyayyen mamba: Allah gafarta Malam, ba kek zan yanka ba. Dangin uba zan gaisar.

Ɗan Keke: Ka je abinka! Hunturun ma ya fi maka zafin Afrilu. Ku fita bayan asuba, ku kwana a Daura. Riƙe tiyub biyu, famfo, kayan faci, dabino da ruwa, ka rufe hanci saboda ƙura. Ka canji sefa tun a kasuwar canji ta Wapa a Kano.

Alhaji Direba: Yaro ke nan. Takardu fa? Nijar ta fice daga ECOWAS a Janairun 2025, iyaka ba yadda kuka saba ba ce. Ni an taɓa ajiye ni a wani shinge daga azahar har magariba, ga fasinja suna zagina, wai ni na ja musu. Ka ji maganata, mota.

Maman Biyu: Har yanzu bai ce matarsa ta yarda ba.

Ɓoyayyen mamba: Ta sani. Kafin mu yi aure ma ta san ina hawan keke. Alhaji, fasfona bai ƙare ba, kuma a mota ai na sha zuwa.

Alhaji Direba: To me ka zo tambaya?

Ɗan Keke: Kekenka taya mai lamba nawa ne? In siririya ce sai ka canja.