Neman kalma: single-loop da double-loop learning

Mai Fassara: Assalamu alaikum. A taimaka, ranar Alhamis za a buga takardar horon ma'aikatan lafiya. Kalmomin masana Argyris da Schön na 1978 kan yadda ma'aikata ke koyo daga kuskure ne suka tsayar da ni, single-loop da double-loop learning. Kalmar "mataki" kuwa ba za ta yi ba, na riga na ba rukunonin masu koyon: ma'aikaci shi kaɗai, 'yan ɗakin haihuwa, asibiti gaba ɗaya, sai tsakanin asibitoci da hukumar jiha.

Anti Ungozoma: Ƙanwata, bi ma'ana. Mace ta rasu da zubar jini bayan haihuwa alhali an yi mata allurar oksitosin mai hana zubar jinin. Kwamitin bita ya zauna, ya ce allurar ta lalace, a sayo wata. Na farkon kenan, faci. Na biyun shi ne a tambayi dalilin ajiye ta a durowa, bayan digiri 2 zuwa 8 take so, sai a sauya ƙa'idar kanta: a nema mata firiji mai sola, ko a tanadi madadinta, misoprostol, ƙwaya 3 masu maikirogiram 200. Wannan garambawul.

Malamin Hausa: Haba Hajiya! Faci da garambawul duk aron Turanci ne. Na sha faɗa, "koyo mai zagaye guda" da "koyo mai zagaye biyu".

Jami'in Bayanai: Allah gafarta Malam, mai zagaye biyu ma'aikaci zai ɗauka a maimaita horo sau biyu ne. Ina laifin "sake lale"? Kuma a lura, faci yana ƙarewa a ɗakin haihuwa, amma sayen firiji sai rahoto ya hau zuwa ƙaramar hukuma, amsa ta sauko. A nan ake yawan tsinkewa: fom ya tafi, shiru.

Malamin Hausa: Lale ta 'yan karta a takardar asibiti? To asibitin ma aro ne, na sani, kada a tuna min. Harshen da bai ƙirƙira ba kullum bara zai yi.

Ɗan Maraɗi: Malam, mu nan garambawul ba kowa ke jin ta ba. "Gyaran aiki" da "gyaran tushe" sun isa ko'ina.

Mai Fassara: Na ɗauki na Maraɗi, misalin Anti a ƙasa. Saura triple-loop.

Malamin Hausa: Gyara dai ba koyo ba ne. Amma ki buga, tunda Alhamis ta matso.