Musayar Waƙa: Fadama Ɗakin Ruwa

Ɗan Kwalkwalawa:
Salamu alaikum 'yan'uwa. Jiya na bi ta bakin fadamar gulbin Rima, na iske tipa tana juye jar ƙasa inda munka saba dasa shinkafa. Raina ya ɓaci. Mai amsa shi amsa.

Fadama ɗakin ruwa ce tun fil'azal,
In Rima ya cika, nan yaka saukowa.
Shi kwan, shi huta, shi aje muna laka,
Rani ya kama, albasa na tohowa.
Yau ga turaku an kafa cikin gona,
Dillalai na awo, fuloti aka yankawa.
Kun rushe masauki tun baƙo bai zo ba,
Ina kuke so shi sami wurin kwantawa?

Mai Fuloti:
Ɗan Kwalkwalawa, ka sassauta,
Zafin haya kai ba ka ɗanɗana ba.
Shekara goma ina gidan wani,
Ƙarin kuɗi bai taɓa fashi ba.
Na sai ɗan fegi da gumin goshina,
Kai gonarka gado ce, ba saye ba.
Mai ɗaki shi ka wa'azin haƙuri,
Don ruwa bai taɓa dukan kansa ba.

'Yar Mabera:
Yaya Mai Fuloti, tsaya ka ji:

Bara ruwa ya shigo tsakad dare,
Ni da inna muna kwalfewa tare.
Katifa bisa durum, buhun gero cikin ruwa har wuya,
Ƙannena biyu bisa tebur a tsare.
Kududdufin da ka shanye ruwan unguwa,
An cike shi da bola, an gina, ya ƙare.
Ruwan da kak kora daga feginka,
Ƙofar talaka irinka za shi tare.

Basarke:
Allah shi ƙara basira, 'Yar Mabera! Wanga baiti na ƙarshe ya gama magana.

Na-Arkilla:
Ku dai kun haɗa kai ga mutum guda. Mai Fuloti ya fi ku gaskiya, kuma waƙarsa ta fi daɗin rerawa. Wa ya sayar da gonakin in ba manoman ba?

Malam Mai Aruli:
Ɗiyata, ma'ana ta yi, amma ɗangonki na uku ya zarce 'yan'uwansa nesa, mai rerawa sai numfashinsa ya yanke. Bai kuma faɗa kan "re" ba, alhali biyun farko sun faɗa. Mai Fuloti kuwa ya rataya amsa-amonsa duka ga "ba" ta korewa. Wannan amsa-amon aro ne.

Na-Arkilla:
Malam, "ba" ba Hausa ba ce? Sha'irai nawa sunka yi ƙafiya da ita?

Malam Mai Aruli:
Sun yi, amma harafin da ke gabanta suke tsarewa. Dubi nasa: na, shi, ye, sa. Kowane da alƙiblarsa.

'Yar Mabera:
Malam, da za ka ga daren da nike faɗi,
Da ba ka tsaya ƙirgar gaɓa da yatsa ba.
Ɗango ya yi tsawo don ruwan ya yi tsawo,
Gero ya ruɓe, awo bai cece shi ba.

Basarke:
Ga ta ita ma ta hau "ba" ɗin, Malam sai haƙuri!

Na-Arkilla:
A bar aruli, wato awon waƙa. Ni dam nike zargi: Goronyo na riƙe Rima, Bakalori na riƙe gulbin Sakkwato, gulaben biyu kuma kusa da garin nan na Sakkwato suke gamuwa. Ranar da anka saki ruwa, fuloti ne ke da laifi?

Baba Na-Dundaye:
Ku gafarce ni, kwana biyu ba ni da caji. Yara, ni na ga Satumbar 2010 da idona, sadda gadar hanyar jami'ar Ɗanfodiyo ta karye, muka koma shiga gari da kwalekwale.

Dam na da ƙofa, dole wata rana a buɗe,
In ya cika, riƙo shi ne babban haɗari.
Abin tambaya, ruwan in ya taho,
Shi iske fadama, ko shi iske gari?
Na ga rumbu na yawo bisa ruwa,
Na ga tsohuwa bisa icce tun da asubahi fari.
Ɗana Mai Fuloti, ba gaba nike ba,
Ina tsoron ranar da za ka kwana a gari.

Malam Mai Aruli:
Baba ya maimaita "gari" sau biyu, amma yau na yi shiru.

Mai Fuloti:
Baba, na ji, jikina ya yi sanyi,
Na riga na zuba kuɗin bulo dubu.
In na bari, wa zai ban fegi a tudu?
Ku nuna man, ko da taku ashirin da biyu.

Ɗan Kwalkwalawa:
Fegin tudu ba ni da shi, ɗan'uwa. Amma kafin ka ɗora bulo na gaba, zo ran Juma'a bayan sallah mu tai gonarmu. Akwai tsohuwar giginya can, tsohona ya yi mata shaida da gatari daidai inda ruwan 2010 ya tsaya. Ni da tsawona, sai na ɗaga hannu nike taɓa wurin.