Wai baktiriya ma suna taimakon juna?

Ɗalibar SS2: Salam 'yan uwa, malaminmu ya ce wai baktiriya na zaman cuɗe-ni-in-cuɗe-ka, ni dai abin ya ɗaure min kai, ta yaya?

Mai yogot: Ƙanwata ai ko a yogot akwai, iri biyu ne, Lactobacillus ya farfasa furotin ɗin madara Streptococcus ya samu abinci, shi kuma ya ba shi wani asid da yake buƙata, shi ya sa madara ke saurin kamawa in suna tare.

Wata nas: Dattin nan mai yauƙi na haƙori ma gida ne suka gina tare, da ƙyar magani ke ratsa shi.

Ɗalibar SS2: Tab, to Anti ya suke sanin sun yi yawa?

Wata nas: Kowa sinadari yake fitarwa, in ya taru sai su gane.