Neman shawara: kaset ɗin da muryar Babanmu ke ciki, ta yaya zan cece shi?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah wanda ya san abin nan ya yi min bayani dalla-dalla.

Wata bakwai ke nan da rasuwar mahaifinmu, Allah ya jiƙansa. Makon jiya ni da Umma muka shiga ɗakinsa a gidanmu na Tudun Wada don mu kwashe kaya kafin ruwa ya kankama, saboda kwanon yana yoyo ta kusurwa ɗaya. A ƙarƙashin gado muka jawo wani tsohon akwatin ƙarfe. Da muka buɗe, kaset-kaset ne na rediyo guda 23, manyan kaset na bidiyo 4, sai faya-fayan CD a ƙulle cikin leda. Yawancin na rediyon tafsirin marigayi Sheikh Abubakar Gumi ne da Baba yake ɗauka daga Rediyon Kaduna da azumi, kowanne ya rubuta sura da shekara a jikinsa da jan biro. Amma akwai ɗaya da ya rubuta wa "Hira da Inna, 1989". Umma ta ce ta tuna ranar. Ya dawo daga aiki a masaƙa a Kakuri, ya shimfiɗa wa kakarmu tabarma a tsakar gida, ya ajiye rikoda a gabanta, yana tambayarta asalinmu da sunayen iyayenta da yadda aka yi suka taso suka zo Kaduna. Muryarsa da tata duk suna ciki. Ni ban san muryar kakata ba, ina goye ta rasu.

Na yi gangancin gwada ɗaya daga cikin na tafsirin a wata tsohuwar rikoda da muka aro, ko minti biyu ba a yi ba ta tauna zaren. Tun daga nan hannuna ya ƙi zuwa kan na hirar. Kaset ɗin bidiyon bikin Yayarmu na 1999 kuma na hango wani fari-fari a jikin zarensa ta gilashin. Faifan bikina shi ma yana kaiwa tsakiya sai ya tsaya cak.

Abin da nake da shi: tsohuwar kwamfutar tebur mai Windows 7 wadda take da wurin sa faifai, da talabijin mai ramin USB. Shin in kai shago ne ko zan iya yi a gida? Idan an juye, ina zan ajiye da ba zai ɓace ba? Burina Umma ta zauna a falonta ta ji muryar mijinta.

Wani dattijo mai gyaran rediyo daga Kawo:

Wa alaikumus salam 'yata. Allah ya jiƙan Malam, ya sa ya huta. Kin yi daidai da kika tsaya. Ba kaset ɗin ne da laifi ba, rikodar ce. Akwai wata 'yar ƙaramar taya ta roba a ciki da take jan zare, da wani bel da yake juya komai. Idan na'ura ta daɗe a ajiye, robar nan ko ta bushe ta ƙandare ko ta narke ta yi danƙo kamar kwalta, sai zaren ya manne mata ta yi ta naɗe shi. Kada ki ƙara sa wani kaset a rikodar da ba a buɗe an duba ba. Ki kai wa mai gyara ya sake bel, ya goge kan da tayar da auduga da sifirit, sannan a gwada da kaset ɗin da ba ki damu da shi ba, ya ƙare gefe guda lafiya lau.

Kafin komai, yau ɗin nan, ki duba saman kaset ɗin hirar. Akwai 'yan kunnuwa biyu na roba, ɗaya a kowace kusurwa. Ki ɓalle su. Idan an ɓalle, ko yaro ya danna jan maɓallin ɗauka ba zai shiga ba. Na ga mutum da idona ya goge karatun mahaifinsa da ɗan yatsa ɗaya, yana kuka a shagona, ba abin da na iya yi masa. Sannan ki zura biro a ramin ki juya a hankali, ki ji ko zaren yana tafiya ba tare da ya maƙale ba. Ki leƙa ƙasa inda zaren yake wucewa, akwai ɗan soso ƙarami a bayansa. Idan ya faɗi, murya za ta fito a dishe, amma ana mayar da shi. Wanda ya taune ma kada ki yar, ana yanke wurin a haɗa, 'yan kalmomi kaɗan za a rasa.

Fari-farin da kika gani a na bidiyo funfuna ce, aikin danshin damina. Ki ware shi daban a leda, kada ki haɗa shi da sauran, kuma kada a sa shi a na'ura sai an tsabtace, don zai toshe kan na'urar ya kuma shafa wa duk kaset ɗin da ya biyo baya.

Wata 'yar uwa daga Malali:

Allah ya gafarta masa. Wallahi karanta wannan sai da na yi hawaye, namu kaset ɗin ruwa ya cinye su a sito ba wanda ya sani.

Wani matashi mai harkar kwamfuta daga Barnawa:

Anti, faya-fayan ne mafi sauƙi, kuma da su za ki fara tunda kwamfutarki tana da wurin sa su. Kada ki tsaya kallo, kwafa za ki yi. Ki sa faifan ki buɗe shi kamar folda. In VCD ne za ki ga folda mai suna MPEGAV, a cikinta akwai fayil irin AVSEQ01.DAT, shi ne bidiyon. In DVD ne, VIDEO_TS za ki gani, ki kwashe ta gaba ɗaya ki zuba a kwamfuta. Manhajar VLC tana buɗe duka biyun, kyauta ce, tana hawa Windows 7, kuma da ita za ki iya mayar da su MP4, wanda shi ne yawancin talabijin suke karantawa ta USB.

Wanda yake tsayawa, ki wanke shi da ruwa da ɗan sabulu, ki goge da ƙyalle mai laushi daga tsakiya zuwa baki, ba a zagaye ba. Ki kula da gefen rubutun, domin a CD bayanan suna dab da ƙarƙashinsa ne, ƙarzuwar can ta fi ta gefen mai sheƙi illa. In ya ƙi a kwamfutarki ki gwada wata, sau da yawa faifan da wannan ta ƙi wata sai ta karanta.

Kaset na murya kuma kebul ɗaya ne, mai kai irin na abin sauraro a gefe biyu. Kai ɗaya a ramin abin sauraro na rikoda, ɗayan a shuɗin rami na bayan kwamfuta, ba mai ruwan hoda ba, wannan na makirufo ne, zai sa murya ta fashe. Ki ɗauka da manhajar ɗaukar murya ta Audacity, in sabon zubinta ya ƙi hawa ki nemi tsohon. Ki fara ajiye muryar a tsarin WAV, kusan mega 10 yake ci duk minti, daga baya ki fitar da MP3 don turawa. Sai haƙuri, kaset mai minti 90 sai kin zauna minti 90.

Abu ɗaya: kada ki riƙa shiga intanet da wannan kwamfutar. Tun Janairun 2020 Microsoft ta daina kula da tsaron Windows 7. A sauke manhajojin a wata kwamfutar a kawo miki.

Wata uwa daga Rigasa:

Ƙanwata ki ji tawa. Ni na kai kaset ɗin bikinmu wani shago, aka ce in dawo bayan sati. Na yi ta sintiri wata biyu, yau a ce mai shagon ya yi tafiya, gobe a ce ba wuta, ƙarshe aka ce sun tashi daga wurin kuma kaya sun cakuɗe. Har yau. Mahaifiyata tana cikin bidiyon nan, ita ma ta rasu. In dai za ki kai, ki je da tabarmarki ki zauna a yi a gabanki, ki dawo da abinki a jaka ranar. Na hirar kuwa kada ya bar gida ko kaɗan. Ranar da aka gyara rikoda, ki kulle ɗaki, ki kashe fanka, ki ajiye wayarki kusa da sifika ki ɗauka. Ki samu wannan a hannu tukuna.

Matashin Barnawa:

Mama, ɗauka da waya zai kwaso kukan kaji da ƙarar babur, ingancin ba zai kai na kebul ba.

Dattijon Kawo:

Yaro, gaskiyarka a kan inganci, amma ni ina bayan Hajiyar Rigasa. Kaset ɗin da ya haura shekara 30 ba ka da tabbacin zai zagaya sau biyu. Kafin ta gama koyon manhaja da daidaita ƙara, ana iya ɗauke wuta a tsakiya, ko ta ga ba abin da ya shiga. Waya kuwa ta san hannunta. Ta fara da waya da dare in unguwa ta yi shiru, da batir a rikodar, washegari a yi na kebul a natse. Na bidiyon ne ba makawa sai shago, don sai an samu na'ura mai lafiya da ɗan akwatin da ke karɓar kebul ɗin nan ja da fari da rawaya ya shigar kwamfuta. Kuma kada ta ja lokaci, tun 2016 kamfanin Funai na Japan, wanda shi ne na ƙarshe, ya daina ƙera na'urar. Waɗanda suka rage a gari kullum raguwa suke, kayan gyaransu ma sai mun farke wata mu gyara wata.

Wani malamin makaranta daga Unguwar Rimi:

Malama, ni kan ajiya zan yi magana. Filashi abin kai saƙo ne, ba ma'ajiya ba. Yana mutuwa ba sallama, kuma in ya shiga kwamfutar masu tura fina-finai sau ɗaya yana iya dawowa da cuta, ki ga fayilolinki sun ɓuya. Ki ajiye a wuri uku: cikin kwamfutar, cikin babbar ma'ajiyar waje da ake jonawa ta USB wadda za ta zauna a wani gidan daban, misali wurin Yayarku, sannan a intanet. Duk mai Gmail yana da giga 15 kyauta, muryoyin gaba ɗaya a MP3 ba za su ci rabinsa ba. Amma ki riƙa leƙawa, don Google ta ce asusun da aka bari shekara 2 ba a taɓa ba tana iya goge shi, kuma wani a gidan ya san lambar sirrin. In za ki tura wa dangi ta WhatsApp, ki tura a matsayin takarda, ba bidiyo ba, in ba haka ba zai matse shi fuskoki su dushe. Yana ɗaukar har giga 2.

Filashin da za a sa wa Umma a talabijin, in tsarinsa FAT32 ne ba ya karɓar fayil ɗaya da ya wuce giga 4, sai a raba bikin gida biyu. Kuma kaset ɗin asali kada a zubar bayan an juye. A jera su a tsaye a wuri mai sanyi marar danshi, nesa da sifika saboda maganaɗisu.

Wata Hajiya daga Badarawa:

'Yata, duk sun faɗi na na'ura, ni ga nawa. Bidiyon biki akwai kamu da wuni a ciki, mata ne a sake ba mayafi, wasu matan aure ne yanzu da jikoki, wasu suna kabari. Amana ce. Ki tabbata mai shago ya goge nasa a gabanki, kuma kada a watsa a zauren dangi mai mutum ɗari inda ba ki san wayar wa zai faɗa ba. Na biyu, ranar da za ku kalla ki zauna kusa da Ummanku da littafi da biro. Duk fuskar da ta wuce ki tambaye ta wace ce, 'yar wa ce, ki rubuta. Haka sunayen da kakarku za ta ambata da garuruwan. Ita kaɗai ta rage da za ta warware miki su. Kuma kada ki kunna mata muryar ba zato, ki fara gaya mata, ki bari ita ta zaɓi ranar.

Mai neman shawara:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Baba na Kawo, na ɓalle kunnuwan tun daren da na karanta, soson ma yana nan. An sake wa rikodar bel, na gwada da kaset biyu na tafsiri suka ƙare lafiya. Faya-fayan duk sun kwafu sai na bikina, shi ƙanena zai gwada a tasa kwamfutar.

Jiya bayan isha'i na shiga ɗaki ni kaɗai na ɗauka da waya kamar yadda Maman Rigasa ta ce. Da farko shuu kawai nake ji, sai ƙarar ajiye kwano, sai Baba ya yi gyaran murya ya ce, "To Inna, bismillah, ki fara daga kan mahaifinki." Muryarsa ta samartaka ce, ban san shi da ita ba. Kakarmu tana magana a hankali, tana dariya, a bayansu akwai jaririya tana kuka, can sai na ji Umma daga nesa tana rarrashi tana kiran sunana. Gefen farko minti 45 cif, na biyu ya tsaya a wajen minti 20. Na tura wa kaina a Gmail kafin in kwanta.

Na gaya wa Umma da safe. Ta yi shiru, sannan ta ce a bari sai Juma'a in Yaya ta zo, a kira ƙannen Baba biyu da suka rage su ma su ji. Na sayi littafin, Hajiya. Saura na bidiyon mai funfuna: Baba, tsabtacewar nan aikin mai gyara ne, ko akwai abin da zan fara yi a gida kafin in kawo?