Ƙanena ya ɗauki son mawaƙi kamar gadon gida

Babban Wa, Kano:
Assalamu alaikum. Ina neman shawararku a kan ƙanena mai shekara 17, wanda son wani mawaƙin soyayya ya shige masa rai har ya canza askinsa da irin tafiyarsa. Kuɗin makarantar da nake ba shi, rabinsu a data suke ƙarewa, yana kare gwaninsa a TikTok. Makon jiya ya dawo gida da yagaggiyar riga, wai abokinsa ya ce muryar mawaƙin aikin kwamfuta ce. Shin ƙuruciya ce da za ta wuce, ko kuwa in ƙwace wayar?

Malamin Sakandare, Katsina:
Wa alaikumus salam. Malam, kada ka ƙwace wayar tukuna. Iyayenmu ma sun so Shata, sun yi musu a kan ko shi ko Ɗanƙwairo wa ya fi, amma a bakin rediyo ake yin musun, a tashi a watse. Shata ya rasu a 1999 ba tare da yawancin masoyansa sun san abin da yake ci ko motar da ya shiga da safe ba. Yaron yau kuwa yana ganin ɗakin mawaƙinsa da agogon hannunsa kullum, shi ya sa yake jin zagin mawaƙin tamkar zagin yayansa ne. A ajina na lura cewa waɗanda suka fi zaƙewa su ne waɗanda ba a cika zama a yi hira da su a gida ba.

Uwar Biyu, Maraɗi:
Malam ya faɗi gaskiya, sai dai ban yarda a ɗora wa yara laifin duka ba. A lokacin kullen korona na 2020, da waƙar Hamisu Breaker ta game gari, matan aure ne suka riƙa ɗaukar bidiyon rawarsu suna sakawa, yara na kallo. Ɗan'uwa, ka zauna da shi ka ce ya kunna maka waƙar da ya fi so, ka tambaye shi wane baiti ne ke taɓa shi.

Babban Wa, Kano:
Na gode, Hajiya. Daren jiya na gwada hakan bayan sallar isha'i. Ya yi ta jin kunya, daga baya ya ɗauko wani littafin rubutu daga ƙarƙashin katifa, ashe baitoci ne cike da shi, nasa na kansa, kuma wata takwas ke nan yana rubuta su.