Na karanta Tattalin Arziki, zan iya komawa kimiyyar kwamfuta a nan Legas?

Mai tambaya, daga Agege:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah ina neman shawarar waɗanda suka riga ni bin wannan hanya. Digirina a fannin Tattalin Arziki na yi, a wata jami'a can gida Arewa. Bayan hidimar ƙasa na zo Legas, yau shekara uku ina kasuwar Mile 12 ina riƙe wa kawuna lissafin albasa da tumatir. Da can a littafi yake rubuta komai: buhu nawa aka sauke daga tirela, wa ya ɗauki kaya bashi, wa ya biya. Ni na kwashe su na zuba a Excel, har na koyi yadda zai riƙa jan layi a ƙarƙashin sunan duk wanda bashinsa ya haura kwana goma. Tun daga nan abin ya shiga raina. Ina so in yi PGD (difloma ta bayan digiri) ta kimiyyar kwamfuta, in Allah ya yarda in zarce digiri na biyu. Amma ina da mata da ɗa guda, kuma rabona da lissafi mai zurfi tun aji biyu na jami'a. Za su ɗauke ni? In sun ɗauke ni, zan iya?

Yaya daga Idi-Araba:
Wa alaikumus salam ƙanena. Ni Bayokemistiri na karanta kafin in yi PGD, don haka na san zullumin da kake ciki. Dama domin irinmu aka yi ta: gada ce ga wanda digirinsa na wani fanni ne, ya haura zuwa digiri na biyu. Ka karanta sharuɗɗan Jami'ar Legas (UNILAG) da ke Akoka da na Jami'ar Jihar Legas (LASU) da ke Ojo da idonka, don kowace da nata, kuma sakamakonka na sakandare ma za a duba, musamman lissafi.

Abin da ya girgiza ni shi ne, na shiga da tunanin za a koya mini sarrafa kwamfuta, sai na tarar tunani ake koyarwa. Bari in ba ka misali da littafin kawunka. A ce kana da sunayen masu bashi 1,000. In a hargitse suke, kana iya duba duka dubun kafin ka ga wanda kake nema. In kuwa an jera su bisa haruffa, sai ka buɗe tsakiya, ka watsar da rabi, ka sake raba abin da ya saura biyu, haka har ka kai. Ba za ka wuce taku goma ba, saboda biyu sau biyu har sau goma 1,024 ne. Irin wannan ne darasin algoridim (tsara matakan warware matsala) da na tsarin adana bayanai, kuma a nan na ga mutane da dama sun sare. Ni ma sai da na yi wata biyu ina tashi bayan Asuba ina warware tambayoyi a takarda kafin kaina ya buɗe. Kai da ka yi ƙididdiga a Tattalin Arziki ka ma fi ni guzuri.

Sannan ka nemi tiranskirif ɗinka, wato cikakken sakamakon karatunka na jami'a, tun yau. Nawa sai da ya yi wata huɗu bai fito daga tsohuwar makarantarmu ba, saura ƙiris in rasa gurbin.

Mai rubuta manhaja a Yaba:
Maganar Yaya gaskiya ce, amma ni zan ce kada ka biya ko sisi tukuna. Gwada kanka da CS50, kwas ɗin share fagen kimiyyar kwamfuta na jami'ar Harvard, kyauta ne a intanet. Yarukan rubuta manhaja ake koyarwa: da Scratch ake farawa kamar wasa, daga nan a jefa ka cikin yaren C, sannan Python da SQL. In ka wuce makonnin C ba ka gudu ba, to ka sayi fom da ƙarfin gwiwa. In kuwa ka ji ranka bai so, ka tsira da kuɗinka.

A kamfanonin da ke nan Yaba, abin da aka fi tambaya shi ne me ka gina, a nuna a GitHub, shafin da masu rubuta manhaja ke ajiye ayyukansu. Kai kuwa ga aiki a hannunka: mayar da Excel ɗin nan ƙaramar manhaja da dillali zai buɗe a waya ya ga wa ke binsa, wa yake bi. Ka kuma sa ido kan shirin 3MTT da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar a 2023 don horar da matasa fasahar zamani.

Malam daga Ojo:
Ɗana na Yaba, kada ka sa yaron nan ya raina takarda. In yana da burin koyarwa ko aikin gwamnati, ko digiri na biyu da ya ambata da bakinsa, GitHub ba zai tsaya masa a gaban kwamitin ɗaukar ɗalibai ba. Ya haɗa biyun.

'Yar uwa daga Obalende:
Tunda ba wanda ya taɓo batun waje: a Ingila akwai digiri na biyu na shekara guda da aka tsara musamman don waɗanda ba kwamfuta suka karanta ba. Sai dai da fam ake biya, kuma tun Janairun 2024 mai irin wannan karatun na aji ba ya tafiya da iyalinsa, sai masu karatun bincike. Da mata da jariri, ni dai ba zan ba ka shawarar ba. In lokaci ne matsalarka, duba buɗaɗɗiyar jami'ar tarayya ta NOUN, wadda karatunta daga gida ne, kuma tana da cibiyoyi a nan Legas.

Baba daga Zango, Agege:
Yaro, duk sun yi maganar karatu, ni zan yi ta hanya. Daga Agege zuwa Ojo kullum, ga cunkoso, ga kasuwar da ke buɗewa tun duhu, jikinka ba zai ɗauka ba. Akoka ta fi maka sauƙi yanzu da jirgin ƙasa na Jan Layi ke tsayawa a Agege da Yaba, ka sauka ka ƙarasa a mota. Kuma kada ka yi wa kawunka ɓoyo. Ka zauna da shi bayan Isha'i, ka faɗa masa ranakun da ba za ka fito ba, ka koya wa ɗaya daga cikin yaran shago shigar da lissafin. Shi ya riƙe ka a garin nan, albarkarsa ma guzuri ce.

Mai tambaya:
Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya. Baba, na yi magana da kawu jiya da daddare. Ya yi shiru jim kaɗan, ya ce ya ba ni Talata da Alhamis, amma da sharaɗin sunayen masu bashi su fara fitowa a wayarsa kafin damina. Na tura ƙanena ya fara bin tiranskirif, na kuma yi rajistar CS50. Yaya, don Allah wane littafin lissafi kika yi amfani da shi a watanni biyun nan?