Sallah a ɗaka: hutu ne ko gudun dangi?

Yaya na Adenta: Assalamu alaikum jama'ar gida. Babbar Sallar bana ba ni zuwa Kumasi wurin dangi. Daga idi sai gida, a yanka rago, a rufe ƙofa, ni da mai ɗakina da yara. Kuma ina nan kan bakana: Sallar da aka yi shiru a gida ta fi wadda ake ƙararwa a kan titi.

Goggo ta Mamobi: Wa alaikumus salam. A rufe ƙofa ranar layya? To naman fa, ta taga za ka miƙa wa maƙwabta?

Kawu direba: Yaya Hajiya, ki bar yaron nan, yana da gaskiya ta wani ɓangare. Accra zuwa Kumasi kusan kilomita 250 ne, amma ki je tashar Circle jajiberin Sallah ki ga layi. Kafin mota ta fita Ofankor ta wuce Nsawam, yara sun gama kuka sun yi barci. Hutun Babbar Sallah kuma kwana ɗaya gwamnati ke bayarwa. Ƙarin kwanan da aka yi a 2025 na Ƙaramar Sallah ne. Ma'aikaci ya isa da dare, ya juyo washegari, ina Sallar take?

Goggo ta Mamobi: Kwana ɗayan ma da babu shi. Sai a zamanin Rawlings aka mai da Sallah ranar hutu a nan Ghana. Iyayenku izini suke roƙa a wurin aiki, kuma ba su taɓa fasa zuwa gaida tsofaffinsu ba.

Malam na Sabon Zango: Abu biyu kuke haɗawa. Sada zumunci wajibi ne, amma babu wanda ya ce sai ranar idi, ko sai an hau mota. Kwanakin yanka uku ne a mazhabarmu ta Malikiyya, ba a matse kowa ba. Inda Alhaji ya kauce shi ne batun rufe ƙofa. Abin da ake so a naman layya, ka ci, ka ba da sadaka, ka yi kyauta. Mai rabon nama kuwa dole a ƙwanƙwasa masa.

Auta ta Nima: Ni dariya ma abin ya ba ni. Yaya, shirun nan naka na masu katanga ne. Zo gidan hayarmu ka rufe ƙofa mu gani. Tsakar gida ɗaya, kowane ɗaki da ragonsa ko kason saniyarsa, hayaƙin babbaka, ga dawakai da babura a babban titi har dare. Mu idan muna son shiru sai mun hau trotro, motar haya, zuwa Madina, mu kama ta Aburi, mu biya kuɗin shiga lambun nan da Turawa suka buɗe tun 1890. Nan ma ranar hutu cike yake.

Yaya na Adenta: Auta, ai shi ya sa na ce ki zo wurinmu.

Auta ta Nima: Ashe ƙofar tana buɗuwa.

Maman yara: Ku yi mini afuwa, Goggo da Kawu, ban so sa baki ba. Amma Alhaji, wa ke hutawa a Sallar shirun nan? Kai ka yanka, mahauci ya feɗe, ka shige ɗaki ka kunna fanka. Wankin kayan ciki, suya, tuwon zafi, wake da shinkafa, sobolo, duk ni kaɗai. A Aboabo ta Kumasi kuwa mata ne cike da tsakar gida, wata na yankan nama, wata na kan kasko, ana hira, kafin la'asar an gama. Ni can nake samun hutuna.

Kawu direba: To fa. Na janye motata daga wannan shari'a.

Goggo ta Mamobi: Allah ya yi miki albarka, 'yata. Ga kuma yaran: Turanci a makaranta, Twi a unguwa, Hausar tasu sai gaisuwa. A ina za su ji ta in ba a bakin kakarsu ba? Ko Gangara ba su taɓa gani ba, sarakunan Zango sun fito da tambura da algaita. Babban Limami Shehu Sharubutu ya haura shekara ɗari, amma gidansa na Fadama bai rabu da masu gaisuwa ba. Kai da ko furfura ba ka gama ba ka gaji da mutane?

Yaya na Adenta: Goggo, ba mutane na gaji da su ba. Kuɗin rago a Ashaiman, ɗinkin yara, kuɗin mota, ga goron Sallah na kowa da kowa, aljihun ne ya gaji. To ga shawara: Kawu ya ɗauko mana Hajiya kakar yara daga Kumasi ta yi Sallah a nan, Auta ta zo ta kama wa Maman yara aiki.

Auta ta Nima: Ni an tambaye ni?

Goggo ta Mamobi: Hajiyar da ba ta taɓa yin idi a wajen Kumasi ba? Kira ta da kanka ka faɗa mata. Ni ba a aike na.